Farin Zobe a Idon Inna

Bayan babbar yunwar nan ne na fara lura da idon Inna. Wani farin zobe ya kewaye baƙin idonta, duka biyun, kuma zare ya daina shiga mata allura. Matan unguwarmu a Madarumfa suka yanke hukunci: yanar ido ce, ido ya bushe, maiƙo yake so. Sai aka dinga yi mata ɗurar man shanu, a tuwo, a fura, har da kitsen rago in an samu. Inna kuwa ba ta taɓa faɗa da man shanu ba.

Zoben bai gushe ba. Ran kasuwa kawu, ƙanenta, ya zo da wani mai kwantar da yana, da tsinkensa na ƙarfe a cikin zabira. Na san aikinsu. Tsohon da ke gyaran koma a bakin tabki haka aka soke masa ido, tun daga nan jikansa ke jan shi. Na tsaya a ƙofar ɗaki na ce sai dai a fara soke ni. Kawu ya ce yaƙi da jahilcin da na shiga da girmana ne ya ɗebe mini kunya. Na ce ya ɗebe ɗin.

Washegari na sa ta a mota sai Maraɗi, tana ta mita wai na kunyata ɗan'uwanta.

Likita, wanda ba ya jin Hausa, ya haska idon, ya sa aka ɗebi jininta. Da muka koma, mai yi mana tafinta ya ce ba yana ba ce. Kitse ne ya yi yawa a jini, shi ya kwanta ya yi zoben, kuma zoben ba ya makanta mutum. Rashin shigar zare allura kuwa tsufa ne, tabarau zai gyara. Amma a rage maiƙo, don kitsen kan toshe jijiyoyin cikin ido in shekaru sun ja.

Na zauna a kan daɓe ina hamdala.

“Ke, tambaye shi,” in ji Inna, “man shanun, ko ɗan na bakin cokali ma?”

Da aka ɗora mata tabarau, ta ƙare mini kallo sama da ƙasa.

“Ashe haka kika rame? Tashi, kin zauna cikin ƙasa kamar marainiya.”