Kwalekwalen Kaka da Rabon Hindatu

Da ƙanena Sale ya rasu, ya bar mini 'yarsa Hindatu da wani hannun jari da ya saya mata, irin wanda ake kira sukuk. Bana ribar ta ragu sosai. Baffanmu ya ce in sayar, in kai kuɗin banki inda za a yanka mana abin da za mu riƙa karɓa kowane wata. Amanar marainiya ce, na kasa yanke shawara. Sai na riƙa tuna Kaka.

Muna yara a gidanmu na unguwar New Bell, idan ruwa ya tsuge bayan magariba har kwata ta cika ta hana mu fita, Kaka takan jawo kurfotin gawayi bakin ƙofa tana gasa agade. Sai ta ɗaga murya sama da ƙarar ruwa a kwanon rufi ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, kowa ya gyara zama.

Wai dabbobi ne suka haɗa hannu suka sayi kwalekwalen kamun kifi. Kura ke da goshi, Kunkuru ke da ciki, Biri ke da wutsiya. Kaka takan raba mana matsayin, ni ce Kunkuru kullum, saboda nauyin jikina wajen aike. Sale kuwa Gizo yake zaɓa. Gizo ya ba da nasa kuɗin, amma ya ce shi ba ruwansa da katako, a dai ba shi kifinsa kullum, an kama ko ba a kama ba.

Ranar da aka fito hannu wofi a labarin, Kaka takan hana mu agade, ta miƙa wa Sale shi kaɗai. Yana ci yana yi mana gwalo, muna kallo da haushi. Idan kwalekwale ya huje, mu ne masu toshewa da tafin hannu, shi yana kwance a tabarma.

Sai ranar da kogi ya cika ya cinye gari. Kowace dabba ta haye rabonta ta zauna. Gizo ya zo a guje.

"Ina naka wurin, malam?" Kaka ta tambaya da muryar Kura. "Kifi ka saya, sai ka hau kifi."

Dole Gizo ya maƙale a rufin ɗaki, ta ce shi ya sa har yau can yake. Sale yakan haye buhun gawayi yana roƙon a ɗauke shi, mu kuma mu cinye sauran agaden muna dariya.

Da ya girma, shi ya bayyana mini sukuk. Ya ce ba bashi kake bayarwa ba, wani yanki kake saya na abu tsayayye, haya ta shigo a raba, ta ragu kowa ya ji a jikinsa. Na ce ashe Gizo ya tuba. Ya yi dariya har da tari.

Na faɗa wa Baffa ba zan sayar ba. Bai ji daɗi ba, kuma ban san yadda baɗi za ta kasance ba.

Ran Asabar na ɗauki Hindatu a tasi, muka wuce unguwar Akwa zuwa rumbun ajiye kaya da ke kusa da tashar jiragen ruwa, wanda take da rabo a ciki. Ta daɗe tana kallon ginin.

"Gwaggo, wane ɓangare ne na Baba?"

Na ce a cakuɗe yake da na mutane, amma ta zaɓa. Ta nuna wata 'yar taga can sama, ta ce waccan, don daga nan ana hango ruwa. Muka tsaya har mai gadi ya fara kallonmu.