Jifan da Ya Lanƙwasa Mini Hannu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kun sha tambayata abin da ya sami hannuna na dama, ina cewa faɗuwa na yi. Ba faɗuwa ba ce. Yau zan faɗi gaskiya.

A shekarun 1960 ne, ina 'yar shekara goma sha huɗu, ban daɗe da gama firamare ba. Ina zaune wurin Gwaggo Hajara, yayar babana, a unguwar Hindawiyya da ke Makka. Alhazai take saukewa a gidanta.

A shekarar nan Gwaggo ta sa na yi aikin hajji, don in wakilci tsofaffin baƙinta wajen jifan Shaiɗan a Mina. Tsofaffi goma sha biyu, ga kuma nawa. Ranar farko kowa tsakuwa bakwai, daga nan ashirin da ɗaya kullum.

Ni kuwa ga kunya. Ba na iya kutsawa cikin maza, sai in tsaya can baya in wurga da iya ƙarfina. Tsakuwar da ba ta faɗa kwarmin da ake jifa ba, sai an sake ta. Gwaggo tana gefena tana ƙirgawa, amma waɗanda suka shiga kawai.

Rana ta biyu gwiwar hannuna ta fara zugi daga ciki. Na ce, "Gwaggo, hannuna."

"Hannunki me? Yalla, ya binti, maza 'yata! Hajjin mutane za ki ɓata a kan tsakuwa mai girman wake?"

Rana ta uku, ina cikin na tsohuwa ta huɗu, na ji ɗas. Tsakuwar ta faɗi a kan yatsun ƙafata.

"Kina da hagu ai," in ji ta.

Da hagu na ƙarasa, ina kuka.

Hannun ya kumbura. Gwaggo ta ce Shaiɗan ne ya rama. Ta kai ni wurin mai lalas a unguwar Mansur, mata biyu suka danne ni, ya ɗora mini jan ƙarfe sau uku. Ban samu sauƙi ba, sai ma ƙaramin yatsana ya daina jin taɓi.

Sai da Baba ya dawo daga Jidda, inda yake dako, aka kai ni asibiti. Aka ɗauki hoto. Likitan, wani Bamisre, ya nuna wa Baba ɗan ɓallin ƙashi da jijiya ta fizge. Ya ce ƙashin yaro bai gama ƙwari ba, jifa da yawa tsinka shi yake yi. Ya tambaye ni, "Sau nawa kika wurga?"

Ban sani ba. Babu wanda ya sani.

Aka yi mini aiki, aka ɗaure hannun mako shida. Baba ya sayar da rediyonsa. Na yi watanni ina matsa dunƙulen tsumma kafin in iya riƙe cokali. Kullum tsorona kada a ce za a yanke.

Sau ɗaya Gwaggo ta zo dubiya. Ta kalli hannun ta ce, "Baɗi sai ki matsa kusa."

Alhamdulillahi, na warke. Na yi girki da shi, na goyi 'ya'ya, sai dai bai ƙara miƙewa sosai ba. Allah Ya ji ƙan Baba, Ya saka wa likitan nan da alheri.

Ku masu yara da ke wasan jifan ƙwallo, ku san yawan abin da suke wurgawa, ku ba su kwanakin hutu. In gwiwar hannu ko kafaɗa ta fara ciwo, a tsaya nan take a je asibiti, ban da lalas. Kada ku jira sai ya kumbura. Nawa bai kumbura ba sai da ƙashin ya riga ya ɓalle.