Hannun da Ya Ƙi Yanke Kan Zare

Kafin 'yan kasuwar Testaccio ta birnin Roma su gama jera kaya, Sor Settimio Carocci ya riga ya tsaya a shagon Sora Nella, ya kurɓe kofinsa a tsaye, ya yi ƙorafin da ya saba cewa ya cika ɗaci. Ita ma amsarta ba ta canzawa: "Bakinka ne ya tsufa, ba kofina ba." Daga nan sai ya tsallaka titi, ya gangara matakala zuwa ɗakin da ke ƙarƙashin wani ɗan kamfanin faya-fayai, inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da gashin kansa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa ya kamata a ambaci sunansa tun yana da kunnen ji.

Aikinsa ta da tsofaffin zaruruwan sauti, wato tef, waɗanda aka naɗi kiɗan finafinan kaboyi a kansu, zamanin da Roma ke kwana tana tashi da harbin ƙarya. A lokacin ɗaki kan cika da makaɗa, 'yan goge jeri-jeri, ga mai begila, ga mai fito, ga mata masu amshi. A naɗa da safe, a watse da yamma, ba mai rubuta sunan kowa. Zaruruwan kuma aka jibge su cikin gwangwanaye, danshi ya yi ta cin rabonsa. Yau masu tara faya-fayai daga Jamus har Japan rububinsu suke yi idan an sake bugawa. Za su yi wata suna gardama a kan launin kwali, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi hannun wa ya kankare funfunar ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

In ya buɗe gwangwani, hanci yake fara kaiwa kafin ido. Zaren da ya yi danƙo sai ya sa shi cikin na'urar busar da ɓaure da ya ara wurin surukarsa, wadda har ta bar duniya bai mayar ba. Amma abin da aka fi saninsa da shi taurin kai ne guda ɗaya. Kowane zare yana da kai, wato 'yar hayaniyar da ke shiga kafin shugaban makaɗa ya ɗaga sanda: tari, jan kujera, tsokana. 'Yan sana'ar duk reza suke sawa su yanke su yar. Settimio bai taɓa yankewa ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Mutane suka yi kiɗan nan, ba aljanu ba. Mutum kuwa sai ya yi tari."

Bara ne Tullio ya fara zama a shagon Sora Nella, kunnensa na dama a karkace wajen mai magana. Tullio mai begila ne a wancan zamanin, matarsa Armida kuma tana cikin masu amshi. Ta daɗe da rasuwa, kuma ba ta bar masa muryarta a ko'ina ba sai a finafinan nan, inda ƙarar bindiga da kofaton dawaki suka binne ta. Kunnen hagu ya riga ya tafi, likita ya ce na daman ma a hanya yake. Abu ɗaya tsohon yake so: ya sake jin Armida kafin shiru ya rufe shi.

"Setti," in ji shi kullum in ya ga Settimio, "ba ka ci karo da namu zaren ba?"

"Ka ga na yi kama da mai haƙa kabari?"

"Sak! Har warin."

Ana haka aka tono gwangwanin naɗin su Tullio da Armida a wani rumbu da ruwa ya taɓa cinyewa. Settimio ya shinshina, fuskarsa ta sauya. Zaren ya yi laushin da sau ɗaya kawai zai iya bi ta cikin na'ura, yana tafiya yana zubar da garinsa, abin da aka kwafa a wannan wucewar shi ke nan har abada. Kan zaren ya fi ko'ina ruɓewa. Corrado, mai kamfanin, wanda Settimio ya yi wa ubansa aiki tun shi yana rarrafe, ya sauko da kansa.

"Sor Settimio, don Allah yau ɗaya ka yi abin da kowa ke yi. Yanke kan nan. In garinsa ya toshe na'ura, kiɗan da ke baya ya dushe, me zan ce wa mutanen da na yi wa alkawari?"

"Ka ce musu tsoho ya ruɗe."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka, ɗana. A cikin waƙar, Armida ɗaya ce cikin mata da yawa, mai kunne biyu ma ba zai tsince ta ba, balle mai rabi. In akwai inda take ita kaɗai, to a kan nan ne. Kuma matar nan ba ta iya shiru ba."

"In kuma ba komai a ciki sai tari?"

"Sai in ɗauki laifin. Wuyana ya saba."

Corrado ya ɗaga hannuwa sama, ya kira sunayen waliyyai biyu uku, ya haye. Gaskiyarsa ce, kowa ya sani. Settimio ya zauna da auduga yana share zaren taƙi bayan taƙi. Bai gaya wa Tullio komai ba sai ranar da ya shirya, don kada ya ɗora wa tsoho rai a kan abin da ba tabbas.

Da hantsi aka yi. Sora Nella ta rufe shago, abin da ba ta yi ba ko ranar auren 'yarta, ta riƙo Tullio suka gangaro. Ita ta ba ni labarin, kuma ba mace ce mai ƙarin gishiri ba sai a miya. Aka zaunar da shi, kunnen dama manne da lasifika. Corrado ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙirji. Settimio ya yi alamar gicciye, ya murɗa makunnin na'ura.

Da farko shuuu kawai ake ji. Sai jan kujera. Wani ya yi tari, wani ɗan goge yana gyara tsirkiya. Sai ga muryar mace, tar, kamar tana tsaye a ɗakin:

"Tullio! Tafarnuwa ka sake ci ko? Matsa can, kada ka kashe mu kafin a naɗa!"

Tsohon bai jira ba. Ya ce wa lasifikar, "Ai ke kika dafa." Bai rufe baki ba, wani saurayi a cikin zaren ya amsa, "Ai ke kika dafa!" Ɗakin makaɗa ya kece da dariya, dariyar mutanen da yawancinsu yau suna ƙasa. Sanda ta ƙwanƙwasa, 'yan goge suka taso, begila ta hau samansu. Tullio bai ma saurari begilarsa ba. Kuka yake yana dariya, Sora Nella na share masa fuska da gefen rigar aikinta.

Abin da Corrado ya ji tsoro kuwa ya faru. Wajen ƙarshe na'urar ta toshe, kiɗan ya dushe kamar ana yi a maƙwabta, kuma ba mai dawo da shi. Settimio ya kashe, ya juyo ya ce, "Ni na jawo." Corrado ya daɗe yana kallon Tullio, ya ja hanci, ya ce, "A buga shi haka. Da tafarnuwar duka." Masu tarawa sun yi ta mita a kan ƙarshen, kuma suna da hujja. Kunnen Tullio ya rufe kafin hunturu ya fita. Har yanzu yana zuwa shan kofi, ba ya jin kowa, amma wani lokaci sai ka ga yana murmushi shi kaɗai, leɓensa na motsi.

Kai ne, Sor Settimio, ka zauna ƙarƙashin ƙasa kana shaƙar funfuna don wasu su ji daɗi a falo. Kai ne ka san kiɗa ya lalace a hannunka, ka amsa laifi ba ka nemi madogara ba, domin ka zaɓi mutum a kan faifai. Tsoho mai hancin sana'a, mun gode. Kewarka za ta dame mu, har Sora Nella da ke rantsuwa hutawa za ta yi. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da kofi marar ɗaci.

Ku kuma da za ku gaji kujerarsa, da duk wanda aka damƙa wa tsohon abu ya gyara, ku yi koyi da shi. Kafin ku kai reza kan abin da kuka ɗauka hayaniya ce, ku tsaya ku saurara. Wataƙila matar wani ce ke magana.