Totur ɗin Motar Babanta

Ina zaune a bencin gareji ina jiran a yi mini facin taya, amma idona na kan wata budurwa sa'ata da ta zura rabin jikinta cikin injin wata tsohuwar jif ta shiga daji. Gyalenta ɗaure a ƙugu, baƙin mai har gwiwar hannu. Babanta na bakin sitiyari. Ko ya ɗage ƙafa daga totur, injin ba ya daina ruri. Na ji yana gaya wa mai garejin cewa in yau ma abin ya ƙi, yayyenta sayar da motar za su yi.

Ba ta cewa "taka". Jikin motar take ƙwanƙwasawa da sifana, sai ya taka. Da yatsa take bin siririn ƙarfen da ya haɗa totur da kafireto mai ba injin fetur, har ta tsaya kan sifirin, ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke dawo da totur ɗin.

"Baba, kai ka taɓa nan ko? Ba nan ne raminsa ba."

"Ni? Kallo kawai na yi."

"Kallon naka har da filaya?"

Yana dariya, tana mayar da sifirin gurbinsa. Rurin ya lafa.

Ina jin tun tana ƙarama yake miƙa mata sifana. Ni nawa baban, in ya buɗe bonet, cewa yake, "Matsa, kar ki ɓata kayanki."

Tsohon ya koma kujerar gefe ya bar mata sitiyarin. Na dubi hannuwana, fes da su, na tura su cikin mayafi.