Mai Yanke Takalmin 'Yar Basilla

Jama'a a gyara zama, a rage muryar rediyo, mai tari ya haɗiye abinsa. Yau za a gabatar muku da Babban Likitan Dunduniya, Shugaban Masu Ɗinki na ƙarƙashin matattakalar ginin masu sayar da waya, mutumin da ba ya kallon fuskarka sai ya gama da ƙafarka: Basilla, mai gyaran takalma.

Siranta da tsinin baki ne suka jawo masa sunan. Ofishinsa benci ne da akwati da gwangwanin gam, sai wani guntun ƙarfe da yake kifa takalmi a kai ya buga. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya fara tunanin me kake nema. In ka wuce ba gaisuwa, to ya riga ya san da wata a ƙasa.

Tun da suka rabu da matarsa abin ya ƙaru. Alƙali ya yanke cewa yarinyarsu ta zauna wajen uwarta, ci da sutura da makaranta suna wuyan uba, ƙarshen mako kuma a kawo masa ita ta yini. Wannan yinin shi ne duk abin da ya rage masa na gidan, kuma yana gadinsa kamar ƙwayar ido. Takalmin makarantarta ma da kansa ya zaɓo, ya bi shi da ɗinki tun yana sabo.

Sai ga ta wata rana a tsakiyar mako, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Baba, ya tsinke. Mama ta ce in biyo ka gyara."

"Ɗinkina ne ya tsinke, uwata?"

Ya gyara dai. Ta zauna a gefen benci tana kaɗa ƙafa, tana ba shi labarin malamarsu mai barci a aji, har gam ya bushe. Mako ya zagayo, ga ta kuma. Na gaba ma haka. Basilla ya ɗaga takalmin a rana ya ƙura masa ido. Abin da ya tsinke don kansa yakan bar gashi-gashi a baki. Wannan kuwa sumul yake. Reza ce.

Maƙwabcinsa mai faci ya leƙo. Shi wannan aure uku ya yi, saki uku, don haka yake jin kansa lauya.

"Shaida ake tara maka, ɗan'uwa. Gobe a ce wa alƙali, ga uba mai gyaran takalma, ga 'yarsa tana yawo ƙafa a ƙasa. Kafin ka buɗe baki an soke yinin naka."

"Uwarta ba ta iya wannan ba," in ji Basilla. "Duk zaman da muka yi ba ta taɓa riƙe mini ko zare ba. Dubi inda aka yanka. Can cikin gindin maɗauri, inda sai an ɓamɓare tafin takalmin, an ɗinke, an shafa gam, an zauna jira. Wannan hannun ɗan sana'a ne."

Mai faci ya fashe da dariya har ya jingina da taya. "Ashe abokin aikinka ne zai gaje ka! Baiwar Allah ta saba da warin gam."

Daga ranar Basilla bai ƙara samun sukuni ba. Ya bi masu gyaran takalman layin ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, gaisuwar da ba su taɓa samu daga gare shi ba. Wanda ya ga ya yi sabon aski, ya sa masa ido. Wani tsoho mai haƙori biyu ma bai tsira ba, don an gan shi da sabuwar riga. A ƙarshe ya yanke shawara: shi zai riga su zuwa kotu, da takalmin a hannu.

Da yarinyar ta sake zuwa, bai taɓa zare ba. Ya jefa takalmin a leda, ya miƙa mata silifas.

"Sa wannan ki koma gida. Ki ce wa uwarki mu haɗu gaban alƙali, ta zo da mai rezar."

Yarinyar ba ta karɓa ba. Ta ɓoye hannu a baya, idonta ya kawo ruwa.

"Mene ne a hannun? Kawo in gani."

Babban yatsanta a naɗe yake da tsumma, jini ya ɗan huda shi. Basilla ya dubi yatsan, ya dubi ledar.

"Wa ya nuna miki wurin?"

"Kai ne," ta ce da ƙaramar murya. "Ka ce wa wani mutum nan ne gyaransa ya fi daɗewa."

Mai faci ya tuna yana da aiki, ya koma kan tayarsa.

Basilla ya auna abin a ransa. In uwarta ta ji, an rufe hanyar tsakiyar mako ke nan, ƙila har maganar ta kai inda yake tsoro. In ya yi shiru kuma, reza ce da yatsan yarinya. Ya buɗe jakarta, ya zare rezar fiƙe fensir, ya sa a aljihu. Sannan ya laluba ƙasan akwati ya ɗauko wani tsohon zare da ya ruɓe, wanda ko maƙiyinsa bai taɓa ɗinka wa da shi ba. Da shi ya yi ɗinkin, a hankali, ya shafa gam, ya ajiye a inuwa maimakon rana.

"Wannan da kansa zai tsinke," ya ce, bai dube ta ba. "Kar in ƙara ganin kin taɓa shi. To, me malamar taku ta yi yau?"

Ni da nake zaune ina jiran nawa takalmin, sai na miƙe na dafa ƙirji, na fara shaida masa cewa yau ya shiga sahun manyan iyaye, kuma duniya sai ta ji labarinsa daga alƙalamina.

Ko kai bai ɗago ba.

"Matsa, ka tare mini haske."