Motar Marigayi da Kunnen Bakanike

Ranar da maigidanta ya cika, motarsa a bakin asibiti ta kwana, babu wanda ya tuna da ita. Washegari bakaniken da ake kira Mai Kunne ya kawo ta gida. Dogo ne, marigayi kuwa gajere, amma haka ya tuƙo ta gwiwoyinsa na dukan sitiyari, bai ja kujerar baya ba. Da ya miƙa mata makulli cewa ya yi, "Mama, na bar ta yadda ya bar ta." Ba ta manta ba.

Mai Kunne a gareji ya tashi, a can furfura ta same shi. Sunan ya samo asali ne daga yadda yake aiki. Ba ya saurin kwance inji. Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya rufe ido kamar mai sauraren karatu. Marigayi kan tsokane shi da likitan da ba ya wanke hannu, shi kuma ya ce ai marasa lafiyarsa ba sa ƙorafi.

Bayan rasuwar, motar ba ta sake fita ba. Sai dai kullum da safe, idan ta idar da lazimi, takan tayar da ita kamar yadda ta ga mijinta yana yi, ta ɗan zauna ta ji ƙarar, ta kashe. Ana nan sai injin ya fara ƙwanƙwasa, ƙwas-ƙwas, kamar baƙo a bakin ƙofa. Babban ɗanta ya buɗe murfin man inji, ya ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, kamar shayin da madara ta yi wa yawa. Ya juyo wurinta ya ce:

"Mama, ruwa ya haɗu da mai. Injin ya tafi. Gara a ba masu sayen ƙarfe tun tana da sauran fasali."

Ba ta yi musu ba, ta san ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba. Ta dai ce a kira Mai Kunne tukuna.

Da ya ga murfin, shi ma fuskarsa ta canza. Ya zaro ƙarfen gwada mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga a hasken rana. Man baƙi ne sak, babu fari. Ya leƙa lagireto, ruwa na nan cike. Ya ce a tayar. Ya tsaya kallon ruwan ko zai yi kumfa, bai yi ba. Ya zaga baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Sannan ya ɗauko sukundirebarsa. Ta lura kunnen hagu kawai yake karawa, ko da juyawar ta fi masa wuya.

Can ya miƙe. "Mama, wa ke tuƙa ta?"

"Babu kowa. Ina dai ɗumama ta da safe."

"Har ta yi zafi?"

"A'a, kada in ɓata mai."

Sai ya fashe da dariya, har da dafa bonet. "To ke ce mai laifin! Kin san tukunya idan aka ɗora aka sauke ba ta tafasa ba, murfinta gumi yake yi? Shi ne wannan. Gumi ne ya haɗu da ɗan man da ke murfi. Da ruwan lagireto ne ya shiga, da kin gan shi a ƙarfen nan."

"Ƙwanƙwasar fa?" in ji ɗan.

Mai Kunne ya kwanta ƙarƙashin motar, ya ɗaure wani faranti na ƙarfe da notinsa ya kwance kusa da salansa. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Hawaye ya zubo mata, ta goge da gefen mayafi tana ta hamdala.

"Mota kamar ƙafa ce, zama ke kashe ta," in ji shi. "A canza mai, yaron nan ya riƙa kai ki unguwa. Kuma a ja kujerar baya, marigayi ba zai yi fushi ba."

Ranar ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

Da zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza tsumma a hannu, ya rage murya don kada ɗan ya ji.

"Mama, kunnen daman nan ya mutu tun bara, ban faɗa wa ko maiɗakina ba. Idan kin ɗaga hannu da asuba, ki roƙa mini Allah Ya bar mini ɗayan, har 'ya'yana mata su gama makaranta."