Littafin Rani da Na Hana Malama Saratu Cikawa

Yau shekara bakwai ke nan da muka binne Malama Saratu, matar yayana, a bayan gidanmu da ke Samaru Kataf. A wurin jana'iza kowa ya yi jawabi, ni ne kawai na yi shiru, har mutane suka ce baƙin ciki ne ya ɗaure bakin Bulus. Kunya ce. Aji uku na yi a firamare kafin na gudu gona, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutun nan, da ƙyar nake jan sa kamar akuya zuwa kasuwa.

Da ta yi ritaya daga koyarwa, sai ta fara tara ƙananan yara kowace Asabar a barandar coci, tana koya musu karatu da rubutu da yarenmu na Kataf. Dabararta ita ce ba ta karanta labari sai a lokacinsa. In shinge, garar nan mai fiffike, suka fito da ruwan farko, yara su kamo su a kwano, ta ba su labarin shinge, su rubuta sunansa a allo, sannan a soya a cinye darasin. Lokacin shukar citta akwai nasa labarin, lokacin yankan acca ma haka. Littafi huɗu ta ware: bazara, damina, kaka da rani.

Ni kuwa, da yake a wurinmu matar wa abokiyar wasa ce, ban bar ta ta huta ba. Nakan tsaya a bakin baranda in ce, "Matata, yaren da muka sha a nono shi ake koyo da alli? Gobe sai ki koya wa kaza tono." Takan amsa, "Mijin banza, shigo ka zauna, akwai benci daidai kanka."

Littafi uku ta cika daga bakin tsofaffi. Na rani ne ya rage, kuma labarin da take so shi ne na maharbin da ya bi gada cikin dutse, dutsen ya rufe da shi, wanda ake bayarwa sa'ad da aka buɗe farauta. Babanmu ni kaɗai ya ba, domin yayana bai taɓa son daji ba. Rani uku tana zuwa ƙofata da littafi da biro. Na farko na ce sai ta dama mini kunun acca. Ta dama, na shanye, na ce maƙogwaro bai buɗe ba. Na biyu na ba ta labarin ƙarya wanda malalacin ciki sunan mijinta gare shi, ta rubuta rabin shafi kafin ta gane, ta bi ni da muciya. Na uku ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Bulus, ni da kai ba wanda ya san ranin baɗi." Na ce, "Gobe, matata." Damina ba ta ƙare ba ta rasu.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce tsoro nake ji. Ba ni da gona mai girma, ba ni da satifiket, bakin nan ne kaɗai abin da ake nemana dominsa. Na ɗauka in labarin ya shiga takarda, ba wanda zai ƙara cewa a kira Bulus. An ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu, ban san har labari ma haka yake ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Jikokina na Kafanchan in na gaishe su da yare, da Turancin broka suke amsawa, ido na kan waya. Ina jin za ta ja tsaki, sannan ta nemi yadda za a sa labarin shinge a cikin wayar, don ba ta iya zaman makoki ba. Za ta kuma yi murna da Rifkatu, ɗalibarta ta farko, wadda yanzu ke riƙe da ajin Asabar.

Ranin da ya wuce na kai kaina wurin Rifkatu, ba kunu ba ciniki. Na fara, tana rubutawa. Da muka kai tsakiya, inda matar maharbi ke rera waƙar da ta sa dutsen ya buɗe, sai na nemi waƙar na rasa. Muryar tana kunnena, kalmomin sun tafi. Na je har Fadan Kagoma wurin wani tsohon abokin farauta, na tarar an yi wata biyu da binne shi. Rifkatu ta ce, "Baba, mu bar wurin, ko Allah zai dawo da ita." Ta tsallake layi shida.

Abin da Malama Saratu ta bari yana nan da rai: yaran da ke buɗe littafi su karanta yaren kakanninsu ba tuntuɓe, wasu har suna rubuta wa iyayensu wasiƙa da shi. Abin da ni na ƙara a kai layi shida ne farare. Ran da aka karanta labarin maharbi ina zaune a ƙarshen benci. Yarinyar da ke karatu ta kai wurin, ta tsaya, duk ajin ya juyo yana kallona. Ta ce, "Kaka, to yaya aka yi dutsen ya buɗe?"

Na ce, "'Yata, ci gaba. Ni na rufe shi."